Fuskata a Jikin Motar Auta

Ni ban ce a ɗauke ni hoto don duniya ta kalla ba. Kati na je nema, katin shaida, irin wanda kowa ke zarowa daga jaka idan an tambaye shi ko shi wane ne. Ko gaban wa aka kai ni, da wannan zan fara.

Gawayi nake sayarwa a bakin layinmu, tun kafin a zuba wa layin kwalta. Da shi na riƙe 'ya'ya bayan rasuwar ubansu, da shi na tallafi na ƙarshen har ya zama direba a kamfanin bas na cikin gari. Auta nake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu, shi ma yana da nasa 'ya'yan. Duk ranar hutunsa a wurina yake wuni. Ya zo ya tuɓe takalmi, ya miƙe a doguwar kujera, ya ci abin da na dafa, ya yi min mitar gishiri, ya yi barci baki buɗe. Ban taɓa gaya masa ba, amma ranar nan nake jira duk mako.

Tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa tambayata kati, kowa ya san ni. Sai ga shi abin ya zama annoba. Asibiti kati, wurin karɓar maganin hawan jini kati, masu waya su ma wai za su rufe min layi. Katin kuma ba kyauta ba ne. Na yi wa Auta magana, ya ce in bari wata ya mutu. Wata ya mutu na sake tuna masa, ya ce an koro masa yara daga makaranta. Na san gaskiya ya faɗa, amma bakina ba shi da birki. Na ce, "To shi ke nan, sai in fita titi in gaya wa duniya na haifi namiji amma ba ni da mai yi min kati." Ya yi dariya. Ni ma ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Ana nan sai na fara ji a rediyo 'yan majalisa suna ta cacar baki, wasu na cewa a soke kuɗin katin nan, a riƙa ba kowa kyauta. Na ce bari in je ofishin da ƙafata in ji. Na goge farcena da lemon tsami har baƙin gawayin ya fita, na sa kayana na fita kunya, na tafi.

Ni ban yi makaranta ba, amma ina da yadda nake gane wuri, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. In na ga farar riga da warin magani, asibiti ne. In na ga gilashi da ƙaramar taga, wurin biya ne. In kuwa na ga tebur da abin dangwale da na'urar hoto a kan ƙafafu, to gwamnati ce ke ɗaukar mutane. A ƙofar ofishin katin na tarar da rumfa, da tebur, da abin dangwale, da na'urar hoto, da farin ƙyalle a baya, da layin tsofaffi irina. A saman rumfar an ɗaura wani dogon zane mai rubutu, wanda ni da shi sai kallo.

Na tari wani saurayi mai riƙe da takardu na ce, "Ɗan nan, nan ne na kyautar?"

Ya ce, "Maganar kyautar ce, Mama. Shiga layi."

Da aka zo kaina suka tambaye ni dalilin da ya sa ba ni da kati. Na zaci tambayar hukuma ce, na ce ba ni da kuɗin, kuma wa zai yi min? Wata yarinya ta karanto wani abu daga takarda da sauri, motoci na ta ƙara a bayanmu, ta ɗago ta ce, "Kin ji, Mama?" Na ce na ji. Haka nake cewa duk wanda ya karanta min abu, don kada a tsaya ana maimaita min kamar ƙaramar yarinya. Na dangwala. Na zauna gaban farin ƙyallen na miƙe wuya, na rufe baki saboda giɓin haƙorana. Aka haska. Ina sunkuye ina goge tawadar a gefen zanena, na ga an sake haskawa, ban kawo komai a raina ba. Na tambayi saurayin yaushe zan zo karɓa, ya ce, "Da zarar majalisa ta amince, Mama." Na dawo gida na gaya wa duk layin na yi kati.

Wata rana da hantsi ina awon gawayi, maƙwabciyata mai ɗinki ta ƙwala min kira daga bakin shagonta.

"Ke, mai gawayi! Ga ki can kina wucewa!"

Na ɗaga kai. Bas ce ta tsaya a mahaɗa, kuma a jikinta, daga taga har taya, fuskata ce. Ba wadda na miƙe wuya ba. Ɗayar ce. Kaina a sunkuye, ina kallon ɗan yatsana, bakina a sake, giɓin nan a fili, kamar wadda aka yi wa mutuwa aka hana ta kuka. Duk wata tamoji da ke goshina sun fito da ita, kowace ta kai kaurin igiya. Kwanon awon ya suɓuce daga hannuna.

Na ce, "Me suka rubuta a gefen? Idona ba ya kaiwa can."

Mai ɗinki ta san ba ido ba ne, amma ba ta taɓa nuna min ba. Ta karanta a hankali: "Ba ta da kuɗin kati, ba ta da mai yi mata. A soke kuɗin katin shaida." Sannan ta ce, "Wai da saninki suka yi wannan?"

Mata biyu masu sayen gawayi suna tsaye, sun zuba min ido. Talauci ba ya ba ni kunya, kowa a layin nan ya san tukunyar kowa. Amma in buɗe baki in ce an zaunar da ni kamar akuya, na dangwala wa abin da ban sani ba, har na dawo ina shelar na yi kati? Ni da nake yi wa matan layi faɗa kan su daina yarda da kowa?

Na ce, "Da sanina mana. Ni yarinya ce?"

Kafin la'asar maganar ta zaga layin, kafin gari ya waye ta kai gidan Auta.

Ranar hutunsa na dafa, bai zo ba. Na ce aiki ne. Wani hutun ya zo, na sake dafawa, na raba wa almajirai da yaran maƙwabta. Na kira wayarsa ta yi ta ringi har ta gaji. Sai ga matarsa ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama a kujera.

Ta ce, "Inna, hoton nan a motoci da yawa aka manna, har da wadda yake ja. Mai raba musu mota ya san ke ce, da gangan yake ba shi ita kullum. In ya shiga gareji sai su tashi tsaye su ce ga ɗan marar gata ya iso. Jiya wani ya ajiye masa gwangwani a kan kujera, wai a tara wa tsohuwa. Ba ya cin abinci, Inna. Da kin zage shi a ɗaki, ko ki mare shi, wallahi da ya fi masa."

Na buɗe baki zan gaya mata, sai na ji kaina ina cewa ta ɗauki gawayi ta tafi da shi, na ga nasu ya kusa ƙarewa.

Mai ɗinki ta kwafo min sunan ƙungiyar da ta sa aka manna hoton daga jikin wata bas, ta kwatanta min wurin. Dogon bene ne mai ƙofar gilashi. Maigadi ya tare ni da littafinsa.

"Mama, katin shaida."

"Ba ni da shi."

"To ba a shiga sai da shi. Doka ce."

A bayansa, a jikin bango, ga ni nan an liƙa, na fi shi tsawo. Na nuna masa da haɓa na ce, "Juya ka ga shaidata." Ya juya, ya dube ni, ya sake juyawa, ya cire hula ya sosa kai. Har ƙofar na'urar hawa bene ya raka ni.

A sama ɗaki ne mai sanyi, cike da yara masu danna kwamfuta. Suna ganina suka miƙe suna tafi. Tafi! Wata mai tabarau, da alama ita ce babbarsu, ta taho da hannu buɗe za ta rungume ni. Na sa jakata a tsakaninmu.

"Mama, ba ki san abin da hoton nan ya yi mana ba. 'Yan majalisar da ba sa ɗaga mana waya, yanzu su ke nemanmu. Muna ma so ki zo zauren majalisar ki yi magana da bakinki."

"Ku cire."

"Na'am?"

"Fuskata. Ku cire ta daga jikin motocin mutane. Wa ya ce muku ba ni da mai yi min? Ina da ɗa namiji, yana aiki, yana zuwa wurina. Ko ke kika haifa min shi da za ki rubuta babu shi?"

Ta ce in zauna, na ƙi. Aka kawo shayi, na ce su ba wanda ya roƙa. Ta aika aka ɗauko takardar, ta nuna min dangwalena, ta ce an karanta min na ce na ji, kuma kalaman nawa ne, ba su ƙara ko ɗaya ba. Ba da tsawa ta faɗa ba, har ma kamar ta fi ni damuwa. Ta ce maganar motoci kwangila ce da kamfanin bas ɗin, ba ta ƙarewa sai an kaɗa ƙuri'a a majalisa. Na ce yaushe? Ta ce ana ta ɗagawa. Na ce to ina ake kai ƙarar irinku? Ta ce akwai hukumar da ke kula da tallace-tallace, sai ta gyara tabarau, ta ce amma ba sa karɓar ƙorafi sai da katin shaida.

Wani daga cikin yaran ya ce, "Ai sai mu biya mata katin kawai, yau ɗin nan."

Na ce, "Ka biya wa uwarka."

Mai tabarau ta matso kusa ta rage murya. "Mama, don Allah ki gaya min. Ranar nan, me kika ɗauka kike dangwala wa?"

Na duba. Ido ya fi ashirin a kaina, duk na 'yan boko, wasu ba su kai jikokina ba. Na juya na fita, ban ma jira na'urar ba, da ƙafa na sauko benen ina dafa bango.

Washegari na ɗauki wuƙar da nake farke buhu da ita, na naɗe a tsumma, na nufi garejin su Auta. Da rana tsaka ake canjin aiki, a lokacin ake shigo da motoci wanki. Na ce wa na bakin ƙofa abinci na kawo wa ɗana, ya ɗaga min ƙarfen ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Motoci a jere, kuma ni ce a jikin kusan kowace, kai a sunkuye, baki a sake, ruwan sabulu na gangaro min a kumatu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa wurin direba, har na ga tawul ɗin da Auta yake ratayawa a wuya a kan sitiyari. Na warware wuƙar, na sa bakinta a ƙarƙashin haɓata ta jikin hoton, na fara ɓamɓara.

Abin ba takarda ba ne, wata irin leda ce mai taurin kai. In na ja sai ta tsinke ta bar min ɗan guntu a hannu. Gumi ya jiƙa ni, ban ci ko tafin hannu ba, sai na ji murya a bayana.

"Kai jama'a, ku zo ku ga! Ga mai hoton da kanta!"

Suka taru, direbobi da masu wanki, wasu da kofin shayi a hannu. Wani ƙato mai tumbi ya ce, "Sannu da zuwa, tauraruwa. A kira ɗan marar gata, a ce masa an zo duba shi."

Na nuna shi da wuƙar na ce, "Kai, da wannan cikin naka ko uwarka aka manna maka ba za ka hango ta ba." Aka kwashe da dariya, har wasu na buga jikin mota. Dariyar ce ta yanke a tsakiya, na san Auta ya iso.

Ya rame. Rigar aikin ta yi masa yawa a wuya. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya magana.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Kana gani."

"Ki bari. Kayan kamfani ne, ni za a kama." Ya kalli ƙasa. "Ai ya isa haka. Kin ce za ki gaya wa duniya, kin gaya mata. Na ji. Kowa ya ji. Me kuma ya rage?"

"Haka ka ɗauke ni?"

"Ke kika faɗa a layi, da saninki. Ko ƙarya aka yi miki? Kuma gaskiya suka rubuta. Kin tambaye ni, kin sake tambayata, ban yi ba. Kullum sai na zagaya ta ɗayan gefen nake shiga motar nan don kada mu haɗa ido. Da wace fuskar zan zo in zauna in ci abincinki?"

Na so a ce mu biyu ne. Na so in ja shi bayan mota, amma ƙafarsa ta kafe, mutanen nan kuma ba mai niyyar motsawa. Na gane in na bar wurin nan da maganar a cikina, to kujerar nan tawa ta rabu da shi ke nan.

Na ce, "Ban sani ba."

"Ba ki san me ba?"

"Ban san hoton talla ba ne. Na ga tebur, na ga abin dangwale, na zaci katin ake yi. Na zauna na gyara wuya wai ana yi min kati. Akwai rubutu a saman rumfar, ƙato, kowa na ganinsa. Ni ban iya karanta shi ba. Da aka tambaye ni a layi kuma na ji kunyar a ce an yi min wayo, na ce da sanina. Shi ke nan. Uwarka ba muguwa ba ce, jaka ce kawai. Ga shi ka ji, abokanka ma sun ji."

Ban taɓa jin zafi a fuskata irin na lokacin ba, ko ranar da na fara zama bakin titi da buhun gawayi. Na ƙura wa tayar motar ido. Wani ya yi 'yar dariya ta hanci, na ji an buge shi ya yi shiru. Mai tumbin nan ya zubar da sauran shayinsa ya ce wai ana kiransa a ofis. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, sai ƙarar ruwan tiyo a can nesa.

Auta ya matso ya zare wuƙar daga hannuna, ya naɗe ta a tsumman, ya sa a aljihu. Ya kalli inda na ɓamɓare, ya danna guntun da ke reto da babban yatsa ya koma wurinsa.

"Kin ci abinci?"

"Ban zo cin abinci ba."

"Hau in sauke ki. Layinku a hanyata yake."

"A wannan?"

"Ita gare ni, Inna."

Na hau ta ƙarƙashin kunnena na jikin hoton, na zauna a kujerar da ke bayansa. A tasha ta farko mutane suka shigo, wata mata ta dube ni, ta leƙa waje ta taga, ta sake dubana, ta taɓa ta kusa da ita. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Har yau hoton yana nan, majalisa ba ta kaɗa ƙuri'ar ba, kuma ban yafe wa masu rumfar nan ba. Duk wanda ya san su ya gaya musu ina nan ina jira su zo su cire da hannunsu.

Muna tsaye a danja sai na ji ya yi gyaran murya, bai waiwayo ba.

"Wancan shuɗin, kantin magani ne. An rubuta ana buɗewa har dare."

Na yi kamar ban ji ba.

"Na kusa da shi, gyaran waya. Wancan jan kuma cewa ya yi kada a ajiye mota a nan. Na saman benen can, makarantar koyon tuƙi."

Fasinjoji suka fara leƙe suna neman wanda yake yi wa magana. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Kai, rufe min baki ka kalli hanya, kada ka kashe mutane."

Ya sa giya, motar ta tashi.

"Wancan mai hoton kaza," in ji shi, "wai an rage farashi."